Kawu da Katakon Maɗaci

Kawu ya cika ranar wata Laraba da hantsi, a babban asibitin nan na Camberwell, bayan jinyar da ta gajiyar da shi, ta gajiyar da mu. Na Allah ne mu, kuma can za mu koma. Na faɗi haka a bakin gadonsa, na sake faɗi a cikin jirgin ƙasa ina komawa Dagenham in sanar da matarsa, wadda duk muke kira Inna. Ni ɗan ƙanwarsa ne. A gidansa na sauka da na zo ƙasar nan karatu, karatun ya ƙare, ni ban koma gida ba, ga shi yau furfura ta same ni ina tuƙa bas a Stratford.

Gidan ƙarami ne, irin na tsofaffin ma'aikatan kamfanin mota, amma ranar sadakar uku takalma sun cika ƙofa har sun hau matakala. Kowa ya zo da Kawunsa a baki. Dattawan masallaci suka ce ba a taɓa rigansa sahun gaba ba, abin da ni na san akwai ƙari a ciki, don Kawu mutum ne mai son barcin safe. Maƙwabcinsa, wani Kirista mutumin Filato da suka yi aiki tare, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula, can ya ɗago ya ce, "To yanzu wa zai kawo mana naman Kirsimeti?" Aka yi dariya, shi kuwa kuka yake yi. Wata 'yar zangon Kumasi da ke sayar da kayan miya ta riƙe hannun Inna tana ta cewa, "Baba shi mutum kirki, wallahi shi mutum kirki." Har wani tsohon Bature mai gona ya zo daga wajen gari, ya tsaya a bakin ƙofa bai san abin da ake yi ba, sai da aka nuna masa ya cire takalmi.

Auta, 'yar Kawu ta ƙarshe, ita ke raba shayi. Bahaguwa ce tun haihuwa. Wata gwaggo ta karɓi kofi tana harararta, ta ce, "Har yau da hagu ake miƙa wa manya abu?" Auta ta ce "Sorry, Anti," ta wuce. Taubashiyata ce, da a wata rana ce da na tsokane ta, amma na ga fuskarta na fasa. Tun da aka yi rasuwar ban ga hawayenta ba.

Akwai abin da kowa ke kewaye shi a zaman nan, ba mai son ya fara. A ƙarƙashin matakala akwai wani akwatin ƙarfe dogo da aka ɗaure a bango da noti, a cikinsa bindigar Kawu take. Da la'asar sai ga ɗan sandan da ke kula da lasisin bindiga na yankin. Ya yi gaisuwa da ladabi, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Lasisi ya mutu tare da mai shi. Za a ba iyali ɗan lokaci: ko wani mai lasisi ya karɓe ta, ko shagon bindigogi ya ajiye ta har wani cikinmu ya nemi nasa, ko kuwa su ɗauke ta su yanka ta gunduwa-gunduwa.

Babban ɗan Kawu, wanda gidan ke kira Yaya, bai jira ya rufe baki ba. Ya ce da ni, "Su ɗauka. A yi destroying ɗinta. Na gaji da abin nan tun ina yaro."

Ni ma a gajiye nake, amma maganar ta soke ni. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don kada a yanka bindiga a yanka har da labarin mai ita.

Kakanmu maharbi ne a wani ƙauye a ƙasar Bauchi, da bindigar toka da layu a damtse. Kawu ya tashi yana bin sa daji, daga baya ya yi aikin soja na ɗan lokaci, aikin da bai taɓa ba mu labarinsa ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Soja ai tafiya ce da yunwa," ya canza zance. Da ya zo nan ya shiga kamfanin mota, ya shekara da shekaru yana ɗaure noti, ba ruwansa da daji. Sai da ya kusa ritaya ya haɗu da Baturen nan mai gona, wanda barewa ta addabi shukarsa. A nan tsohon ciwo ya tashi.

Neman lasisi ya ci masa rai. Aka zo aka duba gida, aka tambayi likitansa, aka tambayi Inna ko yana da zafin hannu. Inna ta ce, "Zafin baki dai." Da aka ba shi, maimakon ya sayi sabuwar bindigar farauta kamar kowa, sai ya dawo da wata tsohuwar bindigar soja, irin doguwar nan da tsofaffin 'yan sandan gida ke ratayawa, wadda ake jan wani ƙarfe baya a tura gaba kafin kowane harbi. Kawu yana kiran ƙarfen nan sakata. Katakonta ya yi baƙi da maiƙo, duk jikinta tabo, nauyi kamar taɓarya.

Na ce, "Kawu, wannan ai gidan tarihi ya kamata a kai ta."

Ya ce, "Kai direba ne, tsaya a tuƙinka. Wannan da kake gani don kashe mutum aka ƙera ta. Ni kuwa sai ta tuba a hannuna."

Haka ya riƙa faɗi har ya mutu, wai yana tubar da ita. Aikin ƙarfe doka ba ta yarda ya taɓa ba, sai ya kai wa wani mai shagon bindigogi. Shi ya rage mata tsawon baki, ya cire ƙarfen da ake maƙala wuƙar soja, ya huda wurin ɗora madubin hange. Ranar da aka cire maƙalin wuƙar Kawu ya karɓe shi a leda, muna dawowa ya sa na tsaya a kan wata gada ya wurga shi ruwa. Aikin katako kuwa nasa ne. A ɗan rumbun kayan aiki da ke bayan gida ya yanke katakon da ya lulluɓe bakin bindigar, ya kankare maiƙon shekaru, ya goge, har ta yi sauƙin ɗauka. Da wannan tsohon katakon ya yi ta farauta.

Baturen mai gona ya ba ni labari ranar ta'aziyya, yana dariya idonsa jawur. Ya ce bai taɓa ganin maharbi irin Kawu ba. Zai yi awanni a kwance cikin sanyi bai motsa ba, ya yi bisimilla, ya harba sau ɗaya, sannan ya tashi da gudu da wuƙa a hannu, tsoho da ciwon gwiwa, don ya samu ya yanka kafin rai ya fita. In bai tabbatar da harbi ba, ba ya harbawa. Sau da yawa yakan dawo hannu rabbana, Inna ta ce, "Ina naman?" ya ce, "Yana daji yana ƙiba."

In kuwa ya samo, ranar gidan ba ya zaunuwa. Al'adar ubansa ya riƙe: maharbi ba ya cin abin da ya harbo shi kaɗai, kuma ba ya sayarwa. Zai ƙulla leda-leda, ya sa ni a gaba da mota, mu bi gidaje. Ɗalibai 'yan gida da ke fama da taliyar leda, matar da mijinta ya rasu, maƙwabcin nan na Filato, 'yar zango. Inna takan tsaya a ƙofar kicin tana kallon cinya na fita, ta ce, "Mu namu rabon wanke jini." Wani lokaci ƙashi kawai ke saura mana, a yi romo.

Yaya bai taɓa son abin ba, kuma ban ga laifinsa ba. A nan aka haife shi, ya san yadda ake kallonsa a titi. Na sha jin su suna sa-in-sa. "Baba, baƙar fata, Musulmi, da gun a gida, a London? Kana so a sa mu a news?" Kawu ya ce, "Takardata ta fi taka tsabta." Ko makullin akwatin ba wanda ya san inda yake, don doka ta hana ya gaya wa ko matarsa. Inna takan ce ta haifa masa 'ya'ya, ta bi shi ƙasar sanyi, amma makulli ɗaya ya fi ƙarfinta.

Wadda ta so abin ita ce Auta. Tun tana ƙarama in ka neme ta ka rasa, tana rumbu, tana shaƙar ƙurar katako, tana tambayarsa sunan kowane abu. Kamar sauran yaran nan, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Sai ranar wata Babbar Sallah, tana da shekara goma sha biyar ko kusa, falo cike da dattawa ana cin nama, ta shigo ta durƙusa. Na ga alama ta daɗe tana maimaita maganar a ranta. Da Hausa tsantsa ta ce, "Baba, ina so in bi ka daji."

Wani dattijo ya tuntsire da dariya, ya ce, "Mace, kuma bahaguwa! Alhaji, ai sai ta harbe ka ta bar barewa." Falo ya ɗauka. Na dubi Kawu. Na san yana iya kashe maganar da kalma ɗaya. Amma idon mutane ya yi masa yawa, sai shi ma ya yi dariya, ya ce, "Tashi ki je ki taya uwarki wanke-wanke."

Ta tashi. Daga ranar ba ta ƙara shiga rumbun ba, kuma ba ta ƙara yi masa Hausa ba, ko "ina kwana". Ba rashin kunya ta yi ba. Tana gaishe shi, tana kai shi asibiti, da ta fara aiki ta kama gidan haya a Stratford tana zuwa duk mako. Amma komai da Turanci, a tsaye, kamar ma'aikaciyar da aka turo. Kawu ya san abin da ya yi. Sai dai irin su Kawu ba a koya musu ba wa ɗa haƙuri da baki ba, kuma ni ban taɓa jin ya gwada ba.

Bayan wannan Sallar da shekara ɗaya ko biyu ya je gida. Inna ta yi masa sautun kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya. Ya dawo da akwati mai nauyin tsiya, aka buɗe, sai ga gungumen katakon maɗaci naɗe cikin zane, daga wata bishiya da ta faɗi a gonar kakanmu. Kayan miya ya baro su don nauyi ya yi yawa. Inna ta yi kwana da kwanaki ba ta yi masa magana ba, da ta buɗe baki kuma ta ce, "Sai ka kaɗa mana miyar katako." Ya tura shi ƙarƙashin gado ya ce sai ya bushe, ya saba da iskar ƙasar. Ya yi shekaru a wurin, Inna na buga ƙafa da shi in tana shara.

Da ya fito da shi ya ce sabon gindi zai sassaƙa wa bindigar, daga kafaɗa har inda hannu ke riƙewa. Aikin da wani zai gama cikin wata biyu, Kawu ya kusa shekara goma a kansa. Ya kankara da magagari, ya shafa da tafin hannu, ya ajiye, ya sha shayi, ya dawo bayan mako. Ƙarfen bindigar na kulle a akwati, sai in zai gwada zama ya fito da shi, ya shafa masa baƙin fitila, ya kwantar a cikin katakon, inda baƙi ya taɓa ya kankare kaɗan. Nakan zo ranar hutuna in zauna a kan bokiti ina kallonsa, gajiyar tuƙi na sauka. Akwai wata tsohuwar rigar sanyi ta mata, ja, rataye a ƙusa a rumbun. Na ɗauka Inna ce ta jefar, yake rufe ƙafa da ita. In na ce yaushe za a gama, sai ya ce, "Sauri ya haifi nawa. Katako ba ya son a yi masa tsawa."

Ranar da ya gama ni na kai shi shagon a haɗa. Katakon ya sha mai ya yi ja, yana ɗaukar ido, ko ni da ban san komai ba na san abu ya yi kyau. Mai shagon ya juya shi, ya yaba, sai kuma ya tsaya. A jikin gindin bindigar farauta akan bar wani ɗan tudu inda maharbi ke kwantar da kunci in zai auna. Ya ce Kawu ya sassaƙa tudun a ɓangaren da ba shi ba, kuma gindin ya yi masa gajarta. Ya sa Kawu ya ɗaga. Gaskiya ne, kuncinsa a kan fili ya sauka, tudun yana ɗaya gefen yana kallon bango. Mai shago ya ce abin tausayi, shekara goma. Ni kuwa dariya ta ƙwace mini. Na ce, "Kawu, tsufa ya zo."

Ya ce, "Ku bar ni da kuskurena."

Bai ƙara fita farauta ba. Ya ce ido ya yi rauni, gwiwa ta ƙi. Mu muka ce kunya ce. Duk Juma'a yakan fito da bindigar ya shafa mata mai ya mayar. Sau biyu na ga Auta ta zo gidan yana cikin shafawa, ya ɗaga murya ya ce, "An gama ta fa," kamar da bango yake magana. Ita kuma ta ce, "That's nice, Baba," ta wuce kicin. Daga nan ciwo ya kwantar da shi. A asibiti ne ya jawo ni ya raɗa mini cewa makulli na cikin gwangwanin man katako a rumbu. Na jira ya ƙara wani abu. Ya buɗe baki, ya dubi ƙofa inda Auta ke magana da nas, sai ya ce in gyara masa filo.

Bayan sadakar bakwai baƙi suka watse, gida ya koma shiru da tulin kwanuka. Aka shirya mai shagon ya zo ya ɗauki bindigar, don shi ke da izini, daga hannunsa ta wuce wurin 'yan sanda in iyali sun yarda. Yaya ya ɗauki hutun rabin yini, yana ta duba agogo. Inna na zaune a kan darduma cikin takaba, ta ce ita ba ta da ta cewa. Na so in roƙi Yaya, amma me zan ce? Ni ba lasisi, ɗakina ɗaya, ko wurin ɗaure akwati babu. Na ɗauko makulli na buɗe.

Mai shagon ya zare sakatar ya sa a aljihu, ya leƙa ya tabbatar ba harsashi. Ya shafa katakon ya girgiza kai. Yaya ya tambaye shi, don dai a ce ya tambaya, ko akwai mai so. Ya ce da wuya. Ƙarfen tsoho ne, katakon kuma ba wanda zai yi wa daidai, sai fa in an samu bahago mai gajeren hannu, ko mace.

Daga kicin ana jin ƙarar ruwa da kwanuka.

Inna ce ta fara motsi. Turancinta ba yawa, amma ta ji. Ta ajiye carbi ta dube ni, ta ce, "Rigar sanyin nan ja. Kawunka ya zo ya ce in ba shi, na ce me za ka yi da rigar Auta, ya ce ƙura zai goge. Na gan shi yana auna hannun rigar da zare." Sannan ta ɗaga murya irin yadda ba ta yi ba tun rasuwar. "Auta! Bar wanke-wanken nan ki zo."

Ta fito tana goge hannu a zane, kumfa har gwiwar hannu. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Inna ta nuna da haɓa ta ce, "Ɗaga." Mai shagon ya juya bakin bindigar wajen bango ya miƙa mata. Ta tsaya kamar ba za ta karɓa ba. Sai ta karɓa, kuma kamar yadda take karɓar komai a duniya, ta kai ta kafaɗar hagu. Gindin ya zauna. Yatsanta ya sauka daidai kan kunamar bindigar ba ta miƙa hannu ba. Ta sunkuyar da kai, kuncinta ya kwanta a kan tudun nan da muka yi wa dariya, idonta ya faɗa cikin madubi.

Ta daɗe a haka. Yaya ya zauna a kan matakala ya daina duba agogo. Inna ta ce, ba da kowa take ba, "Mutumin nan ya gajiyar da ni. Da ya buɗe baki ya faɗa, da ya huta, mu ma mun huta."

Da Auta ta sauke, wurin kuncin ya jiƙe. Mai shagon ya ciro ƙyalle zai goge, ta janye. Ta dubi yayanta, da wata Hausa mai tsatsa da na shekara kusan ashirin ban ji a bakinta ba, ta ce, "Ba za a yanka ta ba."

Bindigar tana shago a ajiye yanzu. Auta ta fara neman lasisi, an ce zai ɗauki lokaci, kuma ba tabbas. Ran Asabar ɗin da ta wuce na kai ta gonar Baturen, ya zagaya da ita ya nuna mata inda ubanta ke kwanciya. Ni a mota na zauna, sanyi ya yi mini yawa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta, ya ba shi ladan kowace ledar nama da ya ƙulla. Ya yafe masa dariyar nan ta ranar Sallah, wadda ya shekara goma yana kankarewa.